Filin Tambaya da Amsa: Harbin Nesa da Baƙin Albarushi da Dalma Mai Rigar Takarda

Wasiƙun wannan karo kusan duk sun taru a kan abu guda: bindigogin ɗauka-ɗaya irin su Sharps 1874, Remington Rolling Block da Winchester 1885, waɗanda ake ɗura wa baƙin albarushi a kwanso, a naɗe ƙwayar dalma da takarda, a harbi allo daga yadi 800 zuwa 1,000. Ma'aunin wannan wasa na Amurka da Ingila ne, wato inci, yadi da giren. Giren ɗaya kusan giram 0.065 ne, don haka ƙwaya mai giren 540 ta kai giram 35.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sabon shiga ne. Me takarda ke yi a jikin dalma? Ina ganin kamar wuta za ta cinye ta tun kafin ta bar bututu.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ta ƙonewa. Zaman da ƙwaya ke yi a cikin bututu bai kai ƙiftawar ido ba, kuma akwai faifan toshi, wato ɗan faifan da ake ɗorawa kan albarushi, tsakaninta da wutar. Aikin takardar shi ne ta hana dalma gogar ƙarfe. Cikin bututun bindiga tudu ne da kwari da suka murɗa tun daga gindi har baki. Ƙwayar da aka naɗe daidai tana zama a kan tudun. Da albarushi ya tashi, bugun farko yana daɓe ta daga baya, ta kumbura ta cika kwarin, kaifin tudun kuma ya tsaga takardar tsawo-tsawo. Tana fita baki takardar ta watse, dalma ta tafi sumul, babu zoben mai, wato kwarin da ake cika da maiƙo a jikin wasu ƙwayoyi, da zai riƙa kama iska. Wannan santsin shi ne ribar da ake nema a nesa.

Ba sabon abu ba ne. Ranar 26 ga Satumba, 1874, a filin Creedmoor da ke Long Island a jihar Niyok, 'yan wasan Amurka shida suka kara da na Ailan shida a yadi 800, 900 da 1,000. Amurkawa na riƙe da Sharps da Remington masu ɗuri ta baya, mutanen Ailan da bindigogin Rigby masu ɗuri ta baki, kuma dukkansu dalma mai takarda suka harba. Amurka ta ci da maki 934 da 931. Harsashin Martini-Henry na sojan Birtaniya ma haka yake, giren 480 na dalma cikin takarda a kan giren 85 na albarushi. Sai da albarushi marar hayaƙi da rigar jan ƙarfe suka shigo a shekarun 1880 takarda ta ja da baya.

Tambaya: Na sayi Sharps mai cin harsashin .45-90. An ce mini in sayi mazubin dalma mai fitar da ƙwaya mai faɗin inci 0.444, wani ya ce 0.446, wani kuma 0.452. Wanne ne daidai?

Amsa: Malam, kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Duk wanda ya ba ka lamba bai auna bindigarka ba, lambar tasa bindigar ya ba ka.

Abu uku za ka sani kafin ka taɓa kuɗinka. Na farko faɗin bututu daga tudu zuwa tudu. A bindigar .45 yawanci inci 0.450 ne, kwari zuwa kwari kuma 0.458, amma ana samun bambancin 0.001 ko fiye, kuma a wannan sana'a 0.001 ba ƙaramin abu ba ne. Ana aunawa da sandunan awo na ƙarfe, ko a shafa wa dunƙulen dalma mai taushi mai, a tura shi cikin bututu, a auna da maikiromita. Na biyu siffar ɗakin harsashi da maƙogwaronsa, wato mashigar bututu daga ɗakin, wanda ake gani idan an zuba ƙarfen nan mai saurin narkewa, Cerrosafe, ya daskare aka fitar. Na uku kaurin takardar da za ka yi aiki da ita. Ka fara samun takardar, ka tanadi mai yawa daga rim ɗaya, sannan ka zaɓi mazubi, domin sauya takarda daga baya daidai yake da sauya mazubi.

Lissafin ba wuya. Naɗi biyu ake yi, wato takarda huɗu ke nan a faɗin ƙwaya, biyu ta kowane gefe. Takarda mai kaurin 0.002 za ta ƙara 0.008 idan an naɗa ta a bushe. Idan an jiƙa ta, tana miƙewa ta matse, abin da ta ƙara ya sauko wajen 0.006 zuwa 0.007. To bututu mai 0.450 da irin wannan takarda yana son ƙwaya mai 0.443 ko 0.444. Mai takarda siririya, kamar 0.0015, shi ne zai nemi 0.445 ko 0.446. Kowane daga cikin mutum biyun farko yana da gaskiyarsa.

Shi kuwa mai 0.452 wata hanya yake magana a kai: naɗi har ya kai faɗin kwari, 0.458 ko 0.459. Irin wannan ƙwaya ba ta shiga kan tudu, dole ta nutse cikin kwanso kamar ƙwaya mai zoben mai, ta cinye wurin albarushi. Tana da amfani a bindigar da ke da dogon maƙogwaro mai faɗi. Amma don yadi 1,000, a ganinmu naɗin faɗin tudu ya fi, domin kusan dukan ƙwayar tana kwance cikin bututu, a miƙe da shi, tun kafin a taɓa kunama.

Gwajin ƙarshe a yatsa yake. Ka goge bututu tas, ka sa ƙwayar da ka naɗe a bakinsa. Ta shiga da ɗan turin babban yatsa, ka ga tudun ya bar ɗan sawu a takarda ba tare da ya yage ta ba. In ta faɗa da kanta, ta yi ƙanƙanta. In sai ka buga, ranar gasa za ka sha wuya.

Ka duba murɗin bututunka ma. Zagaye ɗaya a inci 18 yana riƙe ƙwaya mai tsawon inci 1.4 zuwa 1.45 lafiya. Wadda ta kai inci ɗaya da rabi ta fi son zagaye ɗaya a inci 16, in ba haka ba za ka ga ramukanta a allon nesa sun zama kamar ƙwai, alamar tana tangaɗi.

Tambaya: Naɗina yana warwarewa, wani lokaci kuma bakin takardar ya hau kan ɗan'uwansa. Yaya ake fitar da tsawon da ya dace?

Amsa: Hanya mafi sauƙi ba ta bukatar lissafi. Yanki doguwar takarda, ka naɗa ta a ƙwaya sau uku da ƙarfi, ka sa reza ka ɗan tsaga gefenta ta ratsa dukan naɗin. Warware. Za ka ga tsaga uku. Daga ta farko zuwa ta uku shi ne naɗi biyu cif. A ƙwaya mai 0.443 da takarda 0.002 zai faɗo wajen inci 2.8. In jiƙawa za ka yi, rage kamar 1/32 zuwa 1/16 na inci saboda miƙewa. Sai ka yanka wannan tsawo a farantin tagulla ya zama ma'auninka na dindindin, bakinsa biyu a karkace, kusurwa tsakanin digiri 45 da 60. Karkacewar tana sa haɗin ya zagaya jikin ƙwaya maimakon ya tsaya layi ɗaya a gefe guda.

Ƙa'idar haɗin ita ce bakin ƙarshe ya zo daf da inda na farko ya soma a ƙarƙashinsa. Ɗan gibi kamar silin gashi ba laifi. Hawa kan juna ne matsala, domin wurin ya zama takarda uku, ƙwayar ta zauna a gicce, wani lokaci ma ta ƙi shiga.

Takarda tana da jijiya. Wadda aka yanka a giccen jijiya ta fi miƙewa in ta jiƙa, wadda aka yanka tare da jijiya ba ta miƙewa sosai. Kowacce tana aiki, amma ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta. Yawancin masu kukan naɗi ya ƙi daidaita, yau sun yanka ta tsaye, gobe ta kwance, ba su lura ba.

Ga yadda ake naɗin jiƙe. Ka ja takardar a kan soso mai ɗanshi ko ka tsoma ta a ruwa zalla, ka share rarar ruwan da yatsa. Shimfiɗa ta a kan allon roba mai layin jagora, ka ɗora ƙwaya hancinta yana duban dama ko hagu, duk wanda hannunka ya saba. Ɗaga tsinin takardar ka manna a jikin dalma, ka mirgina gaba da tafin yatsu biyu kana ɗan ja. Abin da ya yi saura a gindi, kamar 1/8 na inci, ka lanƙwasa shi ciki yana bin juyin naɗin, tsakiyar gindin ta rage a buɗe. Tsohon salon murɗa wutsiya na ƙwaya mai rami a gindi ne, inda wutsiyar ke samun wurin ɓuya. A gindi mai shafi, wutsiya dunƙule ce da za ta karkatar da faifan toshi. Bar su su kwana su bushe. Busasshen naɗi mai kyau, in ka murza shi da yatsa ba ya juyawa a jikin dalma.

Ba a sa gam. Takardar da ta manne da dalma ba za ta rabu da ita a bakin bindiga ba.

Saman naɗin ya tsaya daidai inda jikin ƙwaya miƙaƙƙe ya ƙare, hanci ya fara lanƙwasa. Wannan layi ya fi kusurwar yanka muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma za mu dawo kansa a ƙasa. Game da ko a naɗa ta dama ko ta hagu, an daɗe ana musu, allon harbi kuwa bai raba gardamar ba.

Tambaya: Takardar firinta za ta yi? Kuma zan iya sa albarushin zamani kaɗan don rage dauɗa?

Amsa: Takardar firinta ta kai wajen 0.004, ta yi kauri, kuma masu sheƙi ana shafe su da farar ƙasa mai cin ƙarfe. Nemi siririyar takarda mai auduga, ko takardar kwafin zane. Albarushi marar hayaƙi kuwa, a'a. Awon da ke wannan shafi na baƙin albarushi ne kaɗai. Wanda ya cika kwanson .45-90 da na zamani ya haɗa abin da zai tarwatsa bindiga a fuskarsa. Gasa da yawa ma ba su yarda da shi ba. Tsohuwar bindiga ta asali kuma, ko da baƙin ne, sai maƙerin bindiga ya duba ta.

Tambaya: Ku ba ni tsarin ɗuri daki-daki. Nawa ne albarushin, kuma ƙwaya nawa take shiga kwanso?

Amsa: A baƙin albarushi wuri ne ke yanke yawa. Ba a barin iska tsakanin albarushi da toshi da ƙwaya, don haka sai ka fara tsai da zurfin ƙwaya, sauran kwanson na albarushi ne. Ƙwayar faɗin tudu tana shiga kwanso inci 0.080 zuwa 0.125 kawai. Shi ya sa kwanson .45-70, mai tsawon inci 2.1, yake ɗaukar giren 80 da 'yan kai, na .45-90 mai inci 2.4 kuma ya kai wajen giren 100. Masu harbin nesa da yawa suna amfani da samfurin albarushin da ake kira Swiss, mai lambar girman ƙwayoyi 1½Fg. Gudun da ake samu da ƙwaya mai giren 520 zuwa 550 yana tsakanin ƙafa 1,250 da 1,400 a daƙiƙa.

Yi amfani da kwanson da aka riga aka harba a bindigarka, ya ɗauki siffar ɗakinta. Kankare cikin bakinsa ya yi santsi don kada ya yage takarda. Sa hular wuta, wato 'yar hular gindin kwanso mai kunna albarushi. Auna albarushi a sikeli, kowane ɗuri, da ludayin tagulla ko alminiyam, nesa da wuta da taba. Zuba shi sannu ta dogon bututun zubi mai inci 24 zuwa 30. Faɗowa daga sama tana sa ƙwayoyinsa su jeru su zauna iri ɗaya a kowane kwanso. Ɗora faifan toshi mai kaurin 0.060, na roba ko na kwali mai tauri. Danna shi da madannin da aka yi don haka har samansa ya tsaya daidai zurfin da ka zaɓa. Kada ka danna albarushi da ƙwayar kanta, dalma mai taushi za ta kumbura ta ƙi shiga bututu. Swiss ba ya bukatar danni mai yawa, sau da yawa ƙasa da 0.100 ya isa; samfurin Goex kuwa ya fi son a matsa shi. Daga nan ka sa ƙwaya da yatsa ta zauna kan faifan, ka ɗan tsuke bakin kwanso yadda ba za ta faɗo ba in an kifa, amma tana iya juyawa. Matsi mai ƙarfi yana yanka takarda.

Wajen neman ɗurin da bindigarka ke so, ƙara giren ɗaya-ɗaya, zurfin ƙwaya yana nan yadda yake, ka harba goma-goma a yadi 200 ko 300 ta gaban na'urar auna gudu. Ba mafi gudu ake nema ba, mafi daidaito ake nema. Bambancin ƙafa 10 a daƙiƙa yana iya zama ƙafa guda na sama da ƙasa a yadi 1,000, alhali zoben maki goma a allon nesa na Amurka inci 20 ne, na tsakiyarsa inci 10.

Ita dalmar, haɗin da aka fi yi shi ne kashi 16 zuwa 20 na dalma da kashi ɗaya na kuza. Dogon hanci siriri yana son 16, domin mai taushi hancinsa yana sunkuyawa gefe a bugun farko. Zuba da ludayi a zafin wajen digiri 400 zuwa 425 na Salshiyas, a inda iska ke wucewa, kada ɗigon ruwa ya kusanci tukunya. Auna kowace ƙwaya. Wadda ta kauce wa 'yan'uwanta da fiye da rabin giren ta koma tukunya, wataƙila akwai kogon iska a cikinta.

Tambaya: Harbi na farko lafiya, na biyu da ƙyar, na uku harsashi ya ƙi shiga sam. Abokina mai ƙwayar zoben mai hura numfashi kawai yake yi cikin bututu ta tiyon roba, nasa na shiga.

Amsa: Dauɗa ce, kuma ba laifin bindigarka ba ne. Fiye da rabin nauyin baƙin albarushi ba ya zama iska, toka yake zama. Daga giren 100, sama da 50 ke nan, wani ya fita da hayaƙi, wani ya kwanta a bututu. Abokinka man da ke zoben ƙwayarsa yana haɗuwa da ɗanshin numfashinsa ya tausasa tokar, ƙwayarsa kuma tana cikin kwanso. Taka babu mai, kuma inci guda nata yana son shiga daidai inda tokar ta fi taruwa. Dole ka goge bayan kowane harbi.

Haɗa man da ke narkewa a ruwa kashi ɗaya da ruwa kashi bakwai zuwa goma. Jiƙa ƙyallayen auduga tun a gida, ka matse su duka daidai, su yi ɗanshi ba ɗiga ba. Bayan harbi, tura mai ɗanshi ɗaya daga baya ya fita ta baki, kada ka jawo shi baya. Tura na biyu. Bi da busasshe. Sannan ka tsane ɗakin harsashi da nasa abin gogewar. Wasu suna amfani da ɗan buroshi mai zoben roba da gashin ulu da aka jiƙa, su tura shi da busasshen ƙyalle a bayansa a tafiya ɗaya. Ya fi sauri idan iska na sauyawa kana son ka harba kafin ta juya.

Tsane ɗakin nan kada ka raina shi. In akwai ruwa a ciki, kwanso ba ya kama bango yadda ya kamata, yana miƙewa, wata rana ya rabe biyu rabinsa ya maƙale. Ruwan da ya rage a maƙogwaro kuma yana jiƙa takarda ta saɓule.

A ranar zafi da bushewar iska, tokar tana ƙanƙarewa a incin ƙarshe na wajen baki. Hannunka zai gaya maka: sanda tana tafiya sumul sai ta yi turjiya. Ƙara ɗanshi ko ƙara ƙyalle. Abin da ake so shi ne harbi na goma sha biyar ya tarar da bututu yadda na farko ya tarar da shi.

Mai farauta da ba shi da lokacin goga yana sa ɗan curin mai, kaurin 1/8 zuwa 3/16 na inci, tsakanin faifai biyu a ƙarƙashin ƙwaya, ya kuma rage faɗinta kaɗan. Man ya zama na kakin zuma da kitse ko man tsiro. Man da aka samo daga fetur yana haɗuwa da tokar ya zama kwalta. In an tashi daga fili, bututu da ruwa ake wanke shi a ranar, a busar a shafa mai, kwanso kuma a cire hular a jefa cikin ruwan sabulu, domin tokar tana jan ɗanshi ta kawo tsatsa da wuri.

Tambaya: Ina ganin ɓurɓushin dalma a ƙyallen goga, wani lokaci kuma zoben takarda a ɗakin harsashi. A cikin goma, ɗaya ko biyu sukan kauce nesa.

Amsa: Malama, shimfiɗa zani ko tabarma a gaban bakin bindiga, taku biyu zuwa biyar, ki harba biyar, ki tsince takardun. Naɗin waje ya kamata ya fito siri-siri daidai faɗin kwari, na ciki ya fito a tsattsage ko da sawu mai zurfi, lanƙwasar gindi kuma da tsabtarta. In kin ga manyan yanki da tudu bai tsaga ba, musamman ta sama, ko dai naɗin ya wuce kan hanci inda tudu ba ya kaiwa, ko dalmar ta yi tauri ba ta kumbura. Irin wannan yanki yana bin ƙwaya ya karkatar da ita, ga masu kaucewarki. Sauko da naɗin 0.020, ki sake gwadawa. In kuma takardar ta yi baƙi gefenta ya ƙone, wuta tana tsallake toshi: ƙwaya ta yi ƙanƙanta ko faifan bai cika ba.

Dalma a ƙyalle akasin na farko ne. Naɗin ya gaza, hanci ya kumbura a gaban takarda ya gogi ƙarfe. Ko kuma takardar ta yage wajen shiga. Sa harsashi, ki fitar ba tare da harbi ba, ki duba.

Zoben takarda kuwa gibi ne tsakanin bakin kwanso da ƙarshen ɗaki. Ƙwaya tana kumbura cikin gibin, kafaɗar ɗakin, wadda a bindigogin zamani da yawa digiri 45 ce, ta yanke takardar. Maganinsa kwanson da tsawonsa ya kai ƙarshen ɗaki saura kamar 0.005. Ki daina datse su gajeru.

Tambaya: A yadi 200 ƙungiyar harbina tana da kyau. A 1,000 ko allon ban taɓa ba. Daga ina zan fara?

Amsa: Ka fara da sanin cewa ƙwayarka tana kusan daƙiƙa uku a sama, kuma a tsakiyar tafiya tana hawa sama da ƙafa 30 bisa layin ido. Jifa ce. Ana lissafin saiti da minti na kusurwa, ba na agogo ba, minti ɗaya kuwa kusan inci 10 da rabi ne a yadi 1,000. In tazarar abin saitin gaba da na baya inci 36 ce, ɗaga na baya da inci 0.010 minti ɗaya ke nan. Daga saitin kusa zuwa na 1,000 za ka hau abin da ya kai minti 130 zuwa 160 gwargwadon gudunka, wato wajen inci ɗaya da rabi a sandar saiti, don haka gajeriyar sanda ba za ta kai ka ba. Kada ka yi tsalle. Nemi saitin 300, 500, 600, 800, kana rubutawa tare da zafin ranar, wani yana duba maka inda ƙura ke tashi ta madubin hangen nesa.

Biyu ne ke jefa mutane gefen allo. Ɗaya karkatar bindiga. Da hawan minti 150, karkata ta digiri ɗaya tak tana kai ƙwaya gefe fiye da ƙafa biyu. Shi ya sa ake sa ɗan kwalbar lebur a abin saitin gaba. Kalli kumfar kafin kowane harbi, ka kuma tabbata sandar baya a tsaye take cak idan kumfar na tsakiya. Ɗayan iska. Ƙiyasin da ake farawa da shi shi ne minti ɗaya ga kowane mil ɗaya a sa'a na iskar gicce, wato iskar mil 10 za ta ture ka kusan ƙafa tara, allon kuwa faɗinsa ƙafa shida ne. Iskar gaba tana sauke ƙwaya, ta baya tana ɗaga ta, bututu mai murɗin dama kuma yana jan ta dama da wasu mintoci ko babu iska.

Tutoci suna nuna iskar sama, kawalwainiya a madubi tana nuna ta ƙasa. Juya madubin ya ɗan fita daga kan allo, ya kama tsakiyar fili, za ka ga tana gudu kamar ruwa. In ta tsaya tana tafasa sama, iska na shirin juyawa ne. Cire yatsa daga kunama ka jira ta koma inda ka yi saitinka.